Yadda Za Ka Kula da Ƙwan Mesar Matarka a Firjin Giya

Ja kujera, malam, ka zo wurin gwani. Matarka ta yi tafiya ta bar maka ƙwan maciji, ta ce ka kula da laimarsu kada ta yi yawa kada ta yi kaɗan, kai kuwa ko fulawar tukunya ba ka taɓa rayawa ba? Kwantar da hankalinka. Ni ne Merv. Shekara talatin ina tuƙa jirgin ƙasa mai jigilar rake a nan garin Tully, kuma ban taɓa kifar da tarago ba sai sau biyu, su ma laifin layin dogo ne. Alkawari na yi maka: ka bi matakan nan bi da bi, kada ka tsallake ko ɗaya, za ka ga sakamako da idonka. Har hancinka ma sai ya shaida.

Mataki na 1: Samo ƙwan da ba su da madadi

Kada ka fara da ƙwan da in sun lalace za a ce Allah ya kyauta a wuce. Wannan wasan yara ne. Nemi waɗanda zuciyar wani take a kansu.

Nawa na Beryl ne. Beryl mesa ce mai zanen darduma, ta matata Noelene, kuma tana gidanmu tun 'yarmu Tamsin tana firamare. Sunan marigayiya mahaifiyarta Noelene ta sa mata. Kada ka tambaye ni abin da hakan yake nufi game da surukata, ni dai ban ce komai ba.

Ni da Beryl ba mu taɓa shiri ba. Ita tana kallona ta cikin gilashi, ni ina raɓe bango in wuce kicin. Ɓerayen da take ci suna daskare a firjin ɗaki kusa da jatan landena, haka na yi ta haƙuri.

Bana aka aro mata namiji wurin wani mai kiwo a Cairns. Da zafi ya fara ta yi ƙwai, curi guda manne da juna, farare tas, masu laushi kamar fata. Daga nan ba ta sake tashi ba. Tsufa ne, in ji likitan dabbobi. Noelene ta shiga wanke kejin, ta wanke, ta sake wankewa, har hannunta ya yi jawur. Da ta gama ta ce, "Ɗaya kawai nake so, Merv. Ko ɗaya ya fito, ya ishe ni."

Ana cikin haka sai ga wayar Tamsin daga Perth: cikin fari ne, likita ya ce ta kwanta kada ta motsa har ta haihu. Dole uwa ta tafi. Ka ji yadda ƙwai goma sha uku suka faɗo hannuna. An duba dangi kaf, aka ga daga ni sai ƙaninta Darryl. Za ka ji waye Darryl nan gaba, sannan ka fahimci yadda aka yi na ci wannan zaɓe.

Mataki na 2: Sallama firjin gareji

Kowane magidanci yana da firjinsa a gareji, inda yake ajiye giyarsa da mutuncinsa. Shi za a ƙwace maka. Ba abin da ke riƙe ɗumi da laima kamar tsohon firji in an cire shi daga wuta, don haka ka tsaya gefe ka kalli yadda ake fito da gwangwanayenka ana jerawa a ƙasa cikin zafi. Kada ka yi magana. Ana makoki a gidan.

Noelene ta shimfiɗa wayar ɗumi a ciki, ta haɗa mata ma'aunin da ke kashe ta in zafi ya isa. Ta ɗauko wata roba mai murfi, ta zuba burbushin nan mai ƙyalli mara nauyi da masu lambu ke sa wa tukwane, ta auna shi a sikelin kicin, ta auna ruwa daidai nauyinsa, ta cakuɗa. Ta matse a tafin hannu, ya dunƙule, ko ɗigo bai fito ba. Sannan ta ɗora curin ƙwan a kai, ta yi wa kowanne ɗan tabo da fensir a ƙeya don a san samansa. Lokacin ne ta aike ni in ɗora mata shayi, na dawo na tarar ta rufe firjin.

"Saurara da kyau, tsoho," ta ce. "Na auna komai. Ruwa daidai, ɗumi daidai. Aikinka ɗaya ne. Sau ɗaya a mako ka ɗaga murfin, iska ta shiga, ka mayar."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Kada ka juya su. Kada ka ƙara ruwa. Kada ka yi tunani."

Wata hikima kyauta: in mace ta ce kada ka yi tunani, yabo ne. Ta san nauyin abin da ke cikin kanka, tana tsoron kada ya yi wa aikin yawa.

Mataki na 3: Nemi ilimi wurin wanda bai san damina ba

Ka yi 'yan kwanaki kana bin umarni, don ladabi. Daga nan sai zaman banza ya fara cizonka. Namijin da ya yi ritaya, a ce aikinsa ɗaga murfi sau ɗaya a mako? Haba. Ɗauko wayarka ka shiga bincike.

Za ka ci karo da wani saurayi mai gemu a Adelaide, garin da in an yi yayyafi sai an sa a labarai. Zai kalle ka ta cikin waya ya ce, "Jama'a, bushewa ce ke kashe ƙwai! Ku fesa ruwa! In kuna shakka, ku ƙara fesawa!"

Ka yarda da shi nan take. Kada ka tsaya tuna cewa kai a Tully kake, inda takalmi ke yin fumfuna a cikin kabad, gishiri ya ƙi fita daga kwalba, tawul ɗin da ka shanya ranar Litinin ya fi jiƙa ranar Juma'a. Yaron yana da mabiya dubbai. Matarka mabiya nawa gare ta? Kai kaɗai, kai ɗin ma ga yadda kake bin ta.

Sayi gorar feshi. Ni babba na saya, irin ta masu wanke mota.

Mataki na 4: Riƙa buɗe murfin don ka tabbatar laima ba ta fita ba

Nan ne ainihin sana'ar, ka buɗe kunnenka.

Ka buɗe firjin, ka ɗaga murfin, ka leƙa. Kana tsaye kana leƙe, allurar ma'aunin laima za ta fara sauka, tunda ƙofa a buɗe take. Wannan hujja ce cewa yaron Adelaide yana da gaskiya. Fesa. Rufe.

Bayan an jima ka dawo. Murfin ya yi gumi ta ciki, raɓa ta taru tana shirin ɗiga a kan ƙwan, kuma ɗigon ruwa a kan ƙwai shi ke jawo ruɓa. Maza buɗe ka goge da tsumma. Kana gogewa allura za ta sauka. Fesa. Rufe. Dawo.

Ka ga yanzu ka samu aikin yi. Ni har abincin rana a garejin nake ci, a kan bokiti.

In ka fara zargin ma'aunin da ƙarya, sayo na biyu. Zai ce wani abu dabam. Sayo na uku ya raba gardama, shi kuma zai ƙaryata su duka. Nawa ukun suna jere a bene ɗaya na cikin firjin, ɗaya yana cewa hamada, ɗaya yana cewa fadama, na ukun ya tsaya cik tun ranar da na fesa masa ruwa a fuska bisa kuskure. Shi na fi yarda da shi, don bai taɓa tayar mini da hankali ba.

Kada ka manta da tocila. In ka kara ta a jikin ƙwai za ka ga jijiyoyin jini jajaye, wani lokaci har ɗan motsi. Ranar da na fara gani, sai da na zauna. Akwai rai a ciki, malam! Ni da na yi shekara ashirin ina gudun uwarsu, sai ga ni ina ce wa ƙwai, "Sannunku, yara." Tun daga ranar nake haska su safe da yamma, in ɗan taɓa kowanne in ji taurinsa. Tsabar ƙauna ce, ba wani abu ba.

Mataki na 5: Koyi amsa waya

Wata safiya za ka ga ɗaya ya yi rawaya, ya fito da gashi kore. Kada ka firgita. Yaron Adelaide ya ce a barbaɗa hodar ƙaiƙayin ƙafa. Bai faɗi yawanta ba, don haka ka barbaɗa wa kowa da kowa, riga-kafi. Sai na kusa da shi ya kama. Sai na bayansa.

Daidai lokacin matarka za ta bugo.

"Yaya Tamsin?" Ka riga ta tambaya, wannan shi ne sirrin.

"Tana kwance, ƙafa ta kumbura, tana masifa. Yaya ƙwai?"

"Suna gaishe ki."

"Merv."

"Lafiya lau suke. Sai ƙiba suke yi."

"Ƙwan maciji in ya kumbura, ruwa ya sha da yawa. Ka zuba musu ruwa ne?"

"Ni? Haba, Noelene. Da girmana?"

"To mene ne nake ji yana fis-fis?"

"Sauro nake kashewa."

Sannan ta ce, "Na ce wa Darryl ya zo ku ci abincin Kirsimeti tare, kada ka zauna kai kaɗai."

Ka yi godiya, ka ajiye wayar, ka je ka binne ukun da suka mutu a gindin mangwaro. Ban zaci zai dame ni ba. Ya dame ni ƙwarai, har na kasa cin abinci sai da yamma.

Mataki na 6: Bar ƙanin matarka ya shigo ta gareji

Ka san yadda muke yi. Baƙo ba ya zuwa hannu rabbana, da giyarsa yake tafe. Kuma ba ya tambayar inda zai ajiye. Gareji yake wucewa kai tsaye ya loda a firji, sannan ya zagayo bayan gida ya gaisa. In ya tambaya ma an ji haushinsa, kamar yana cewa nan ba gidansa ba ne.

Na san da haka sarai, shi ya sa na manna takarda a ƙofar firjin. Laima ta ci gam ɗin, takardar ta faɗa bayan injin yankan ciyawa. Ran nan kuma na bar murfin robar a buɗe, don burbushin ya jiƙe har ya zama kunu, na ce bari ya ɗan sha iska. Ka lura da yadda kowane mataki nawa yake da dalili mai kyau.

Ina bayan gida ina gasa nama, gumi yana bin bayana, sai ga Darryl da jar hular Kirsimeti da silifas.

"Mijin Yaya! Barka da Kirsimeti! Har yanzu wannan gajeren wandon ne? Tun ina makaranta nake ganinsa."

"Kai kuma har yanzu ba su kore ka daga gonar ayabar ba? Lallai suna da tsoron Allah."

Muka ci nama, muka ɓare jatan lande, muka sha mangwaro, muka yi gardamar ko guguwa za ta zo bana. Rana ta yi nisa. Darryl ya miƙe zai ɗauko gwangwani, sai ya juyo.

"Af, na manta ban gaya maka ba. Firjinka ya mutu fa, Mijin Yaya. Ɗumi a ciki kamar hammata. Amma kada ka damu, na ɗora buhun ƙanƙara a benen sama, giyar za ta yi sanyi. Sannan wancan dankalin da ka bari a roba, ka zubar da shi, ya fara wari."

Ban san ina da sauran gudu ba. Silifas ɗina ɗaya har yau ba a gan shi ba.

Buhun ya narke saura kaɗan. Ruwan ƙanƙara yana bin gwangwanaye yana zuba kai tsaye cikin robar, ɗal, ɗal. Ƙwan suna zaune cikin ruwan sanyi har rabi, hoda tana yawo a kai.

Darryl ya leƙo ta kafaɗata, ya cire hular. "Wayyo Allah. Kada ka ce mini na Beryl ne."

"Na Beryl ne."

"Me ya sa ba ka faɗa ba? Wa yake ajiye 'ya'yan maciji a firjin giya, don Allah? Yaya za ta kashe ni."

"Ka bi layi. Sai ta gama da ni tukuna."

Mataki na 7: Yi ceto da shawarar wanda ya jawo ɓarnar

Wanda ya jefa ka rami yana jin nauyinka, don haka zai ba ka shawara da zuciya ɗaya. Ka karɓa.

"Shinkafa," in ji Darryl. "Lokacin da wayata ta faɗa kogi, cikin shinkafa na sa ta."

"Ta tashi?"

"A'a. Amma ta bushe sosai."

Muka tsame curin, mu biyu, muka kwantar da shi a kan shinkafa. A cikin tsamewar ne ya kife, tabon fensir ya koma ƙasa, muka mayar da shi muna kallon juna. Shinkafa kam ta yi aikinta. Kafin sabuwar shekara ƙwan da suka rage duk sun lotsa, sun yamutse. Lotsawa kuwa alamar bushewa ce, kowa ya sani. Ɗauko gorar feshi.

Ba zan ja ka da nisa ba. Suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya. Karen maƙwabta ya daina zuwa ƙofarmu. Na ƙarshen na haska shi da tocila ranar da aka haifi jikana, ban ga ja ba, ban ga motsi ba, sai duhu kamar dafaffen ƙwai. Noelene ta bugo tana dariya tana kuka, namiji ne, sun sa masa Angus. Na ce madalla, madalla, ina riƙe da mataccen ƙwai a ɗaya hannun.

Darryl ya ce a sayo 'ya'yan mesa wurin mutumin Cairns a zuba a robar. Na yi kwana ina juya maganar. Ba gaskiya ce ta hana ni ba, kada ka ba ni lada. Na san Noelene ce, kallo ɗaya za ta yi musu.

Mataki na 8: Faɗi gaskiya a cikin mota, inda ba wurin gudu

Je ka ɗauko ta a filin jirgi na Cairns. Ka aske gemu, ka sa riga mai maɓalli. Za ta yi ta nuna maka hotunan jariri a hanya, ka ce ya yi kama da Tamsin, ta ce a'a, kunnenka ya ɗauko, Allah sarki yaro. Ba za ta tambaye ka ƙwai ba. Wannan ya fi tambayar zafi.

Na daure har muka wuce garin Babinda. Ruwa yana sauka kamar da bakin ƙwarya, sai na gangara gefen wata gonar rake na kashe mota.

"Sun mutu, Noelene."

Ta ajiye wayar a cinya.

"Duka. Na fesa musu ruwa. Na sa musu hoda. Darryl ya zo da ƙanƙara, amma kafin ya zo ma na riga na gama da su. Abu ɗaya kika roƙe ni, na kasa."

Malam, tsoho da ni, jika gare ni, na kife kai a kan sitiyari na yi ta kuka har hon ya yi ƙara. Ba wannan a cikin shirin da na yi.

"Duka sha ukun?" ta ce.

"Duka."

Ta juya ta kalli raken. Na ga tana share ido da bayan hannu. Sannan ta ce, "Kai mu gida."

Mataki na 9: Tsaya a bakin ƙofa

Ko akwatinta ba ta sauke ba. Ta wuce gareji, ta buɗe firjin, warin ya buge ta, ba ta ja da baya ba. Ta kalli shinkafar, ta kalli ma'aunaina uku. Sai ta durƙusa, gwiwarta ta yi ƙas, ta jawo aljihun nan na can ƙasan firjin.

Ka san shi, wanda ake zuba latas da karas. Ni a rayuwata ban taɓa buɗe irinsa ba. Me zan nema a ciki?

Ta fito da tsohuwar robar askirim mai 'yan huji a murfi. Ta buɗe a hankali. Burbushin yana nan yadda ta auna shi, ba jiƙa ba bushewa. A kai ga ɓawon ƙwai ɗaya a tsage, ga wani ɗan abu siriri kamar igiyar takalmi ya naɗe a kusurwa. Ɗaya ƙwan kuma ɗan kai ne ya leƙo daga tsagarsa, yana fito da harshe yana mayarwa.

"Sha biyar ta yi," in ji Noelene. "Biyu sun gangaro daga curin, sai na ware su, lokacin da ka je ɗora shayi."

"Ba ki gaya mini ba."

"Da na gaya maka fa?"

Na kalli gorar feshin da ke rataye a bango.

Daɗi ya kama ni, kunya kuma ta biyo bayansa ta danne shi. Na ce, "Ashe tun farko kin san zan kashe su."

"Ban sani ba, Merv." Ba ta ɗago ba, idonta yana kan ɗan kan nan. "Kullum a Perth ina addu'a in dawo in tarar ban buƙaci aljihun nan ba. Na so in jawo shi in nuna maka, in ce ka ga, ashe raina ka na yi, ka yi mini tsiya har shekara. Shi na so."

Na matso zan durƙusa kusa da ita. Na ce ko a ɗan taimaka wa na biyun, a buɗa masa ɓawon da almakashi.

"Sa hannunka a aljihu."

Na sa.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba likitan dabbobi ba ne, ba mai kiwo ba ne, kuma a halin yanzu an hana shi shiga garejinsa sai da rakiya. Duk wanda ya bi matakan nan ƙwansa suka ruɓe, gidansa ya yi wari, ko matarsa ta daina amsa masa gaisuwa, shi ya jiyo, kada ya zo ƙofata. Alhakin sha ukun da ke gindin mangwaro a raba shi tsakanin damina da yaron Adelaide da Darryl, abin da ya rage a kawo mini, na san shi ne mafi yawa. Biyun da suka rayu kuwa, ina shaida wa jama'a cewa ba ni da hannu a ciki ko kaɗan. Noelene tana tsaye a kaina, ta ce in ja layi a ƙarƙashin wannan.